Kimiyya Tana Gindin Randa

A kowace shekara dubban ɗalibai ne ke kammala makarantun sakandare a ƙasar Hausa, bayan sun shafe shekara shida ana koya masu kimiyya da lissafi. Da yawa daga cikinsu za su iya kawo maka ma'anar asid da ka, su jero sunayen sassan fure ɗaya bayan ɗaya, su rubuta dokokin motsi guda uku na Niyuton ba tare da tuntuɓe ba. Amma ka ja ɗayansu gindin randa, ka tambaye shi dalilin da ya sa ruwanta ya fi na bokitin roba sanyi, alhali kuwa a inuwa ɗaya suka wuni, sai ka ga ya yi zuru. Amsar tana cikin littafin da ya haddace, illa dai ba a taɓa nuna masa cewa ruwan da littafin ke magana a kai shi ne wanda yake sha a gidansu ba.

Ra'ayina a wannan maƙala shi ne, darasin kimiyya ya kamata ya faro daga abin da ɗalibi ya riga ya sani, ya bi da shi ta hanyar awo da gwaji har ya kai shi ga ƙa'idar da ke cikin littafi, sa'an nan ya komo da shi gida da wannan ƙa'ida a hannunsa. Duk darasin da ya tsallake matakin farko, karatun aku zai haifar. Wanda ya tsaya a matakin farko kuwa, hira ce kawai aka yi. Wanda kuma bai komo gida ba, ranar da aka fito daga ɗakin jarrabawa ranar zai fara zubewa.

Haziƙi a kasuwa, daƙiƙi a aji

Wannan matsala ba mu kaɗai ta dama ba. A shekarar 1985 wasu masana uku suka buga sakamakon wani bincike da suka yi a birnin Resife na ƙasar Barazil, a kan yara masu talla a bakin titi. Sun je wurin yaran a matsayin masu saye, suna ciniki suna tambayar kuɗin kaya da canji. A nan yaran suka ba da amsa daidai a kashi 98 cikin 100 na tambayoyin. Daga baya aka rubuta masu waɗannan alƙaluma ɗin dai a takarda, yadda ake yi a aji, babu kwakwa babu lemo, sai suka ci kashi 37 kacal. Bayan shekara 40, wato a 2025, mujallar kimiyya ta Nature ta buga wani bincike makamancinsa da aka yi a kasuwannin Kalkata da Delhi na ƙasar Indiya, wanda Abhijit Banerjee da Esther Duflo, waɗanda suka sami lambar Nobel a 2019, suna cikin waɗanda suka gudanar da shi. Su ma sun tarar yaran kasuwa gwanaye ne wajen lissafin ciniki, amma suna kasawa idan aka juya shi zuwa lissafin makaranta. Sun kuma gano ɗaya ɓangaren: 'yan makarantar da ba su taɓa zaman kasuwa ba, waɗanda ke cin lissafin littafi, suna kasawa idan aka ba su lissafin ciniki.

Kowane malami a ƙasar nan ya san irin waɗannan yara. Yarinyar da ke tallar ƙosai ba a taɓa cutarta a canji ba, amma a aji ana yi mata kallon wadda ba ta gane raba lamba. Yaron da ke jiran shagon mahaifinsa yana lissafa ribar katan ɗin sabulu kafin ka ƙifta ido, amma ya faɗi jarrabawar kashi cikin ɗari. Ƙwaƙwalwar ɗaya ce. Abin da ya ɓace shi ne tsanin da zai hau daga abin da ya iya zuwa abin da ake son ya koya, kuma kafa wannan tsani shi ne ainihin aikin malami.

Darasin randa

Mu koma ga randa. Jikinta na yumɓu yana da ƙananan ƙofofi waɗanda ido ba ya gani, ta nan ruwa ke tsattsafowa waje, iska ta busar da shi. Kafin ruwa ya zama tururi sai ya sami zafi, kuma daga jikin randar da ruwan da ke cikinta yake zuƙo wannan zafin. Giram 1 na ruwa yana kwashe kimanin kalori 580 na zafi kafin ya bushe, alhali kalori 1 ya isa ya ɗaga zafin giram 1 na ruwa da digiri 1. Ke nan, cikin cokalin shayi ɗaya na ruwa, wato giram 5, idan ya bushe a jikin randa, ya tafi da zafin da zai iya sauke lita 3 na ruwa da kusan digiri 1. Bokitin roba ba shi da ƙofofi, saboda haka ba shi da wannan hanyar ta fitar da zafi ta jikinsa. Wannan ƙa'ida ita ce ta sa gumi ke sanyaya jiki, ita ce kuma ke aiki a cikin firji, sai dai shi wani sinadari ne yake zama tururi a cikin bututunsa a madadin ruwa.

Malamin da ke da ma'aunin zafi ƙwaya ɗaya zai iya mayar da wannan bayani gwaji. A ajiye randa da bokiti a inuwa ɗaya, a zuba masu ruwa daga rijiya ɗaya, ɗalibai su auna zafinsu kowace sa'a su rubuta, su zana jadawali. A sake gwajin da tukunyar da aka shafe bayanta da fenti. A yi shi a watan Maris lokacin da iska ta bushe, a maimaita a watan Agusta lokacin da ta jiƙe da laima, sa'an nan a tambayi ɗalibai dalilin da ya sa tazarar ta ragu da damina. Ɗalibin da ya amsa wannan tambaya da kansa ba zai ƙara buƙatar haddar ma'anar laimar iska ba.

Kada mai karatu ya ɗauka wannan wasan yara ne. A shekarun 1990 wani malami a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Jihar Jigawa da ke Dutse, Malam Muhammad Bah Abba, wanda ya fito daga gidan maginan tukwane, ya ɗauki wannan ƙa'ida ya yi aiki da ita. Ya sanya ƙaramar tukunya a cikin babba, ya cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, ya rufe bakin da jiƙaƙƙen ƙyalle. Yalon da kan lalace cikin kwana 3 sai ya kai kwana 27 a cikin wannan tukunya. Ya yaɗa dubban irinta a ƙauyukan da babu wutar lantarki, kuma a shekarar 2000 aka ba shi lambar yabo ta Rolex saboda wannan aiki. Yumɓun na gida ne, yashin ma haka. Abin da ya ƙara shi ne sanin dalili.

Daga madafa zuwa marina

Sau da yawa malamin kimistiri yakan ce ba zai iya koyar da asid da kishiyarsa, wato bes, ba domin makaranta ba ta da takardar litmos. Alhali kuwa a bakin ƙofar makarantar ana sayar da abin da zai maye gurbinta. Ruwan zoɓo yana ɗauke da wani sinadari mai sauya launi. A ɗiga masa lemon tsami ko ruwan tsamiya, sai ja ɗinsa ya ƙara haske. A ɗiga masa ruwan kanwa ko ruwan toka, sai ya rikiɗe ya koma kore mai duhu. Da kofi biyar da zoɓon naira kaɗan, aji guda zai iya rarrabe nono da sabulu da ruwan rijiya da omo, kowanne a ajiye shi a rukuninsa. Daga nan sai malami ya yi tambaya: don me uwa ke jefa 'yar kanwa a miyar yakuwa? Kowace ɗaliba za ta ce don a kashe tsami. To, wannan kashe tsamin shi ne babin da littafi ya ware wa shafuka, na yadda asid da bes ke haɗuwa su kashe kaifin juna.

Marina kuwa makaranta ce sukutum. Ana cewa marinar Ƙofar Mata ta birnin Kano ta samo asali tun 1498. Shunin da ake samu daga ganyen baba ba ya narkewa a ruwa, saboda haka ba zai shiga zare haka nan ba. Marini yakan haɗa baba da toka da katsi a cikin rami ya bar su kwanaki. A wannan lokaci ƙwayoyin bakteriya sukan cinye iskar oksijin da ke cikin ruwan, su juya shunin zuwa wani nau'i mai narkewa, mai launin rawaya da ya karkata zuwa kore. Idan aka tsoma zane aka ɗago shi ya sha iska, oksijin yakan komar da shunin yadda yake, launin ya bayyana a gaban idonka, ya kuma maƙale a cikin zaren domin ya daina narkewa. Abin da ya sa ke nan marini ke tsomawa yana ɗagowa sau da yawa. Babu wani zane a kan allo da zai bayyana wa ɗalibi yadda sinadari ke karɓar oksijin da yadda yake rabuwa da shi kamar tsayuwar rabin sa'a a bakin wannan rami.

Akwai kuma darasin tarihi a ciki. Wani masanin sinadarai Bajamushe, Adolf von Baeyer, ya shafe shekaru yana binciken ginin ƙwayar shuni har ya gano shi. A 1897 kamfanin BASF na Jamus ya fara sayar da shunin da aka haɗa a masana'anta, kuma cikin 'yan shekaru noman baba a Indiya, wadda ke ciyar da kasuwar duniya da shi, ya durƙushe. Masu sana'ar sun iya ta ƙwarai, amma wanda ya bi diddigin dalilinta shi ya tafi da kasuwar.

Gona da rabon gado

Haka abin yake a bayoloji. A tuge gyaɗa ko wake, a nuna wa ɗalibai ƙananan ƙulle-ƙullen da ke jikin saiwa, a tsaga ɗaya su ga jan da ke ciki. A nan ne bakteriya ke zaune suna kamo iskar naitirojin suna mayar da ita takin da shuka za ta iya sha. Manomin da ke haɗa gero da wake a kunya ɗaya, da wanda ya ƙi sare gawon da ke tsakiyar gonarsa, sun ga amfanin abin tun kaka da kakanni. Gawo dangin wake ne, ga shi kuma yana kaɗe ganyensa da damina, saboda haka ba ya yi wa shuka inuwa a lokacin da take neman rana.

A lissafi kuwa, rabon gado ya isa misali. Mutum ya rasu ya bar mata da uwa da 'ya'ya maza. Matar tana da sumuni, uwar tana da sudusi. Kafin a raba sai an nemi lambar da 8 da 6 za su shiga ba saura, wato 24: mata ta sami kashi 3, uwa 4, 'ya'ya su raba 17. Ɗalibin da ya ga malamin unguwarsu yana wannan aiki ya riga ya ga haɗa ɓangarorin lamba. Ba abin mamaki ba ne, domin littafin da Alkhawarizmi ya rubuta a Bagadaza wajen shekarar 820, wanda daga sunansa aka samo kalmar aljabara, babban kaso nasa a kan matsalolin gado da wasiyya yake.

Ba kowane gado ne abin riƙo ba

A nan sai mu yi hattara. Fara darasi daga gida ba ya nufin malami ya sa wa duk abin da aka gada albarka. Kimiyya ba ta da ɗan lele. Duk abin da aka kawo gabanta sai ta ɗora shi a ma'auni. Kanwar nan da ta taimake mu a darasin zoɓo, tana ɗauke da sinadarin sodiyam mai yawa, irin wanda ke cikin gishiri. A shekarun 1970 likitoci a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya suka lura da yawan ciwon zuciya a tsakanin mata masu jego, kuma bincikensu ya danganta shi da yawan shan kunun kanwa tare da tsananin zafin wankan jego da kwanciya a kan gadon ƙasa mai wuta a ƙarƙashi. Ɗalibar da ta san abin da sodiyam ke yi wa jini, gobe ita ce mai jego, jibi kuma ita ce uwar mai jego.

A shekarar 2010 yara fiye da 400 suka rasu a ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum na Jihar Zamfara. Likitocin agaji na ƙungiyar MSF ne suka fara ankara da yawan mace-macen, bincike kuma ya nuna gubar dalma ce. Mutane suna kawo duwatsun zinariya cikin gida suna niƙawa, wani lokaci da injin da ake niƙa hatsi, ƙurar ta bi ƙasa inda yara ke rarrafe suna sa hannu a baki. Dalma tana nan a jadawalin sinadarai da ake haddacewa a kowace sakandare, ita ce lamba ta 82. Sanin lambarta bai ceci kowa ba. Sanin cewa tana iya ɓoyewa a cikin ƙurar tsakar gida, da ya isa ƙauyukan da wuri, da ya rage asarar.

Haka nan kaskon gawayi da ake shiga da shi ɗaki a rufe ƙofa da hunturu, da janareton da ake kunnawa a zaure. Wutar da ba ta samun isasshiyar iska tana fitar da kabon monoksaid, iskar da ba ta da launi ba ta da wari, wadda jini ke kama ta fiye da yadda yake kama oksijin sau 200 da ɗoriya. Ɗalibi ɗaya da ya fahimci wannan ya isa ya tsare gida guda. Rashin sani, in ji Hausawa, ya fi dare duhu.

Uzurori da amsoshinsu

Malamai za su ce manhaja tana da tsawo, jarrabawar WAEC da NECO kuma ba ta tambayar randa. Gaskiya ne ba ta ambaci randa da suna, amma tana tambayar ƙa'idar da randa ke aiki da ita, kuma abin da yaro ya gani da idonsa ya fi wanda ya biya da baki daɗewa a ka. Gani ya kori ji. Minti goma na farkon darasi da aka kashe a kan misali na gida yakan rage maimaicin mako guda.

Za su ce aji ya cika, wani ya doshi ɗalibi ɗari. To, wannan yawa yana da nasa amfani, domin a ciki akwai ɗan maƙeri da ɗan majemi da 'yar mai daddawa da ɗan mai gyaran babur da ɗan makiyayi. A raba su rukuni-rukuni, kowane rukuni ya je ya tambayo yadda ake wani aiki, ya kawo rahoto, aji ya nemi dalilin. Sau da yawa ɗalibin da ba ya buɗe baki a aji, ranar da aka zo kan sana'ar gidansu shi ke zama malami.

Wasu iyaye kuma za su ce ba don ɗansu ya koma marina suka sa shi boko ba. Amsar ita ce, wanda ya fahimci abin da ke faruwa a ramin rini ya kama hanyar zama masanin sinadarai a kowace masana'anta. Inda aka faro daban, inda za a kai daban.

Uzuri na ƙarshe shi ne mafi nauyi: kada hukuma ta fake da zoɓo ta ƙi gina ɗakin gwaje-gwaje. Wannan tsoro yana kan hanya. Zoɓo zai gaya maka abu asid ne, amma ba zai gaya maka ƙarfinsa daidai wa daida ba, kuma babu abin da zai maye gurbin madubin ƙara girman abu. Haƙƙin ɗalibi ne a samar masa da kayan aiki. Sai dai mu tuna, lokacin da aka shigo da tsarin 6-3-3-4 a 1982 an sayo injuna daga ƙasashen waje domin koyar da fasaha, da yawa suka ruɓe a cikin akwatunansu saboda rashin wutar lantarki da rashin malaman da suka iya sarrafa su. Kayan aiki ba sa koyarwa da kansu. Ba banza ba Ƙungiyar Malaman Kimiyya ta Nijeriya, wadda aka kafa a 1957, ta daɗe tana kira ga malamai su riƙa haɗa kayan gwaji daga abin da ke kewaye da su.

Batun harshe ma yana ciki. Daga 1970 zuwa 1978 Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranci wani gwaji a Jami'ar Ife, inda aka koyar da wasu yara dukkan darussan firamare da Yarabanci, Turanci kuma ya zama darasi mai zaman kansa. Yaran sun yi fice a kan takwarorinsu, kuma Turancinsu bai gaza ba. Saboda haka malamin da ya warware wa ɗalibansa ƙa'ida da Hausa kafin ya ba su sunanta na Turanci bai yi laifi ba, ya rage masu nauyi ɗaya ne daga cikin biyu.

Kira

Ya ku malamai, kafin kowane darasi ku tambayi kanku: a ina ɗalibina ya taɓa haɗuwa da wannan abu? Ku fara daga nan, ku sa shi ya yi hasashe, ya auna, ya rubuta abin da ya gani ko da ya saɓa wa abin da yake zato, sa'an nan ku ba shi ƙa'idar da sunanta. Shugabannin makarantu kuma su ware rana ɗaya a kowane zango, a kai ɗalibai maƙera ko majema ko lambu, ko a gayyato mai sana'ar ya zo aji, a karrama shi yadda ake karrama kowane malami.

Ku kuma ɗalibai, kada ku jira sai an yi maku. Kowa ya tanadi ɗan littafi, kullum ya rubuta tambaya ɗaya daga abin da ya gani tsakanin gida da makaranta. Don me maƙeri ke zuga wuta? Don me ake barin ragowar nono a ƙwarya kafin a zuba sabuwar madara? Don me waken da aka toshe bakin jarkarsa ba ya yin ƙwari? Ku kai wa malamanku, ku bincika a littattafanku, ku gwada wanda za a iya gwadawa ba tare da haɗari ba. A ƙarshen shekara za ku tarar kun tara tambaya fiye da 300, kuma mafi yawan amsoshinsu suna cikin manhajar da za a jarraba ku a kai. Matambayi ba ya ɓata. Allah ya ba mu ilmi mai amfani.